Kunun Mama Ba Ya Kwana

Tun ranar da muka binne surukata na kasa zama wuri ɗaya. In na shiga ɗaki sai in ji kamar ana kirana a tsakar gida, in na fito kuma ba kowa sai tabarmin masu gaisuwa da ba a naɗe ba. Rashin nata yana ciki, amma ba shi kaɗai ba ne. Abubuwan da na ji ana faɗa a kanta a zaman makoki su ne suka tsaya mini a wuya.

Matan zumunta na majami'armu sun zo cikin anko, sun cika gidanmu na Kakuri har bakin kwata. Suka yi waƙa, suka kaɗa tulu da caki, sannan shugabarsu ta miƙe ta ce, "'Yan'uwa, ranar da Mama ta karɓi Yesu, ranar nan Ubangiji ya wanke mata zuciya tas. Ko warin giya ba ta ƙara sha'awa ba har ta koma gida." Aka amsa da amin mai ƙarfi. Ni kuwa na tashi na shiga kicin, na kama wanke tukunyar da na riga na wanke.

A bakin ƙofa kuma ga wasu tsofaffin ma'aikatan masaƙa sun tsaya da huluna a hannu, sun ƙi shigowa. Na kai musu ruwa, sai na ji ɗayansu yana cewa ƙasa-ƙasa, "An yi rashin hannu. Tun da matar nan ta daina, ban ƙara shan burkutu mai suna burkutu ba a Kakuri." Na kusa da shi ya taka masa ƙafa.

Mutum ɗaya ce ta faɗi abin da na yarda da shi. Hajiya mai sayar da hatsi a kasuwa, ƙawar Mama, ta zo daga Makera ta shimfiɗa ɗankwalinta a gefe ta zauna. Da na durƙusa gaishe ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya ba ku haƙuri, 'yata. Matar nan ta sha fama." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma nan na fashe da kuka.

Shi ya sa na ce sai na rubuta. Ba na so yarana su tashi da labarin wata tsohuwa da aka ɗauke wa jaraba rana ɗaya kamar an cire ƙaya. Na zauna da ita gida ɗaya, ni matar ɗanta tilo, kuma na ga abin da na gani.

Lokacin da aka kawo ni gidan, wutar da ke ci a saman matatar mai ta Rido sabuwa ce, har mutane suna fitowa da yamma su tsaya kallonta. Mama a lokacin mai giya ce, kuma ba ƙaramar mai giya ba. Ta baro ƙauye da goyo bayan mijinta ya mutu, da burkutun nan ta ciyar da ɗanta, ta sa shi makaranta, har ya samu aiki a masaƙa. Takan jiƙa dawa, ta baza ta, ta rufe da buhu har ta yi tsiro, ta shanya, a kai inji, ta dafa, ta tace, ta sake dafawa. Ran Asabar tsakar gidanmu ba wurin sa ƙafa. Ni da na tashi a gidan dattijon majami'a, sai in shige ɗaki in toshe hanci ina kuka ina cewa me ya kawo ni nan. Ita ko a jikinta. "Amarya," ta kan ce, "in kin gama kukan ki zo ki ɗauraye mini ƙore." Har ta mutu Amarya take kirana, ina da 'ya'ya huɗu.

Wata Asabar da rana tsaka, mijina ya dawo daga aiki ya riga ya sha a wani gida, ya zo ya zauna cikin masu sha a kan benci. Ya sha ya ƙara. Can ya ɗaga ƙwarya, idonsa a rufe, ya miƙa wa uwarsa ya ce, "Ke mai giya, ƙaro." Bai gane ta ba. Mutane suka kwashe da dariya. Ina tsaye da goyo, na ga Mama ta karɓi ƙwaryar ta tsaya tana kallonta. Ta juya ta kama bakin babbar tukunyar ta karkata ta, giyar nan ta malala ta bi tsakanin ƙafafun mutane ta sauka kwata. Aka yi ta ihu, "Mama, lafiya? Mama, kin haukace ne?" Ta ce kowa ya tashi ya bar mata gida. Washegari ta ɗaura zanenta mai kyau ta biyo ni sujada, ta zauna a bencin baya.

Ba a karɓe ta da hannu biyu ba, kar wani ya ce muku an yi. Wasu daga cikin matan da suka yi mata waƙa a makokin nan, su ne suke matsawa gefe in ta zauna. Ta shiga ajin baftisma da 'yan mata sa'o'in jikokinta, ba ta iya karatu ba, sai dai ta haddace da ka. Rigima ta farko kuwa da Fasto ta yi ta. Ya zo gida ya ga ta farfasa ƙananan tukwanen giya duka, amma babbar tana nan, ta kife ta a gindin mangwaro, ta ninke buhu ta ɗora a kai tana zama.

Fasto ya ce, "Mama, wannan ma a fasa ta. Ba a ajiye kayan Shaiɗan a gidan mai bi."

Ta ce, "Fasto, ba zan fasa ba."

"Don me?"

"In na fasa ta zan ce na gama. Ni kuwa ban gama ba. Gara in tashi kullum in gan ta, in hau kanta in zauna, ta san wanda yake sama."

Fasto ya yi wa'azi, ya buɗe Littafi, ya rufe, ya yi fushi ya tafi. Aka ɗage mata baftisma har sai da wani zagaye ya zo. Ba ta fasa tukunyar ba, ba ta kuma fasa zuwa aji ba. A ƙarshe shi da kansa ya nutsar da ita a ruwa.

A kan tukunyar nan take addu'ar safe, kafin jiniyar masaƙa ta yi kuka. Addu'ar ba ta da tsawo, har yarana sun haddace suna kwaikwayonta. "Ubangiji, ka riƙe mini hannu yau. Yau kawai. Gobe ma zan zo." Na taɓa ce mata, "Mama, ai sai ki roƙa gaba ɗaya ki huta." Ta harare ni ta ce, "Ke tuwon wata guda kike tuƙawa rana ɗaya?"

Ran Alhamis, ranar da a da take ɗora wuta, Mama ba ta zaunuwa. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta kwance igiyar shanya ta sake ɗaurawa. Ta yi wa kaji faɗa, ta yi wa yara faɗa, ta yi mini faɗa a kan murfin tukunya. Akwai mai dafa burkutu a bayan katangarmu, in iska ta kaɗo warin sai ka ga Mama ta tsaya cak da tsintsiya a hannu, hancinta yana motsi. "Kai, matar nan ta cika wuta," ta kan ce. "Za ta yi tsami. Da ta janye itace ɗaya yanzu..." Sai ta cije leɓe, ta ɗaga kai sama. "Ka gan ni ko? To ka riƙe ni." Ta jefar da tsintsiya ta je ta zauna a kan tukunyar, ta sa hannuwanta a ƙarƙashin cinyoyinta ta danne. Na ga haka da idona ba sau ɗaya ba, har shekarar da ta mutu. Ta gaya mini da bakinta cewa ba shan ne ya fi damunta ba. Dafawar ce. Ita ce abu ɗaya da ta iya fiye da kowa a duniya, aka kuma ce ta ajiye.

Da ta bar giya sai ta koma kunun zaƙi. Hajiya, wadda a da ta ƙi sayar mata da ko mudu ɗaya na dawa don ta san inda za a kai shi, ita ce ta fara auna mata gero ta haɗa mata da citta da kanumfari. Daga nan suka ƙulla. Hajiya takan tsokane ta, "Ke da kin musulunta ai da kin huta." Mama ta ce, "Ke da kin zo majami'a ai da kin ji waƙa." Su yi dariya su raba goro. Mama takan ɗauki bokitin kunu ta kai ƙofar masaƙa lokacin da masu aikin safe ke fita na rana ke shiga, kuma kununta ya yi suna, don hannun nan dai shi ne.

Sai dai tana da doka ɗaya: kunu ba ya kwana a gidanta. In rana ta yi sanyi, duk abin da ya rage sai ta rabar. Ta ba yara, ta ba maƙwabta, ta tsaya a ƙofa tana kiran masu wucewa. In har ya yi saura, ta juye wa aladun mai gidan hayarmu, ta wanke bokiti da toka ta kife. A kan wannan muka yi babbar rigimarmu. Lokacin abubuwa sun yi tsada, ana ta rage ma'aikata a masaƙa, madara da sabulu sai an bi layi. Na ga ta nufi wurin aladu da rabin bokiti, na sha gabanta.

"Haba Mama! Yara su tashi da safe ba abin karyawa, ke kina ba alade kunu? Wannan ai almubazzaranci ne. Shi ma zunubi ne, in zunubi kike gudu."

Ta ajiye bokitin. "Amarya, me kike gani a nan?"

"Kunu mana."

"Ke kunu kike gani. Ni na san abin da zai zama. Da tsiro na yi shi. Ki bar shi ya kwana a zafin nan, gobe zai fara tashi, ya yi 'yan ƙwayoyi a sama, ya ɗan ciji harshe. Ke za ki ce ya lalace. Ni zan ce ya fara kyau. Jibi kuma zan ce bari in gyara shi kaɗan." Ta ɗauki bokitinta. "Matsa mini."

Ban matsa da daɗin rai ba. Na yi kwanaki ina gaishe ta sama-sama. Ita kuwa ta fara tashi tun da sauran duhu tana dama wa yara sabon koko, don kar in sake cewa sun fita da yunwa.

Mutanen da ta sayar wa giya a da ba ta yar da su ba. In ta ga ɗayansu kwance a bakin hanya, takan tashe shi, ta kaɗe masa riga, ta raka shi har ƙofar gidansa, matarsa na zaginta tana cewa ita ta lalata shi tun farko. Mama ta ce, "Gaskiyarki," ta juyo. Da safe ta aika masa da kunu mai zafi.

Amma wanda take so ta tashe shi da gaske yana cikin gidanta. Mijina bai daina sha ba don uwarsa ta daina dafawa. Gidajen giya sun yi yawa daga Kakuri har Nasarawa. Ni na yi faɗa, na yi yaji, na kai ƙara wurin dattawan majami'a aka sa shi a horo. Mama ko sau ɗaya ba ta ɗaga masa murya ba. Na taɓa tuhumarta a kan haka, ta ce, "Da wane baki? Yana goye nake tsoma yatsa in sa masa a baki don ya yi barci in samu in yi aiki." Kullum kofin farko na kununta shi take ba, ta tsaya har ya shanye.

Da daminar bara ciwo ya kwantar da ita. Ƙafafunta suka kumbura, ba ta iya fita tsakar gida, sai an ɗauke ta an ɗora a kan tukunyar don ta yi addu'arta, don ta ce a gado ba ta jin ta yi. Wata safiya mijina ya sunkuya zai ɗauke ta, warin na jiya yana jikinsa. Ta shaƙa ta ce, "Ta gidan wa ka sha? Ba ta iya ba." Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta riƙe wuyansa tana kuka kamar yarinya. Ya ɗora ta a kan tukunyar ya tsuguna a gefe. Ranar ta canza addu'a. Ta ce, "Ubangiji, hannu biyu ne yau, nawa da na ɗana."

Tun daga ranar bai sha ba. Watanni ne kawai, ba shekaru ba. Hannunsa yana rawa in ya riƙe kofi, ran Asabar yakan bi doguwar hanya ta bakin titi don kar ya ratsa lungun masu giya. Mama ta mutu tana ganinsa a haka, ba ta san ko zai tsaya ba. Ni ma ban sani ba.

Ana cikin makoki Kawu ya iso daga ƙauye, ƙanen Mama, da mata biyu na dangi da buhun dawa wadda ta riga ta yi tsiro. Ya riga ya ji haushi an binne ta a Kaduna. Ya haɗiye wannan. Amma ya ce a garinsu ba a watse makokin tsohuwa da busasshen maƙogwaro, sai an dafa giya an zuba mata a ƙasa, dangi sun sha. Na ce masa Mama ta hana. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke baƙuwa ce a nan." Sannan muryarsa ta karye. "Ita ta dafa ta ubanmu. Ita ta dafa ta uwarmu. Ita kuma a sallame ta da ruwan famfo? Me zan je in ce a gida?" Gaskiya ya ba ni tausayi. Amma na san in aka dafa burkutu a tsakar gidan nan, da warinsa da komai, mijina ya tafi ke nan.

Kuma ɗa ba ya ce wa ƙanen uwarsa a'a, ba a gaban mutane ba. Mijina ya sunkuyar da kai. Na kwana ina juyi.

Da gari ya waye matan ƙauyen suka jera duwatsun murhu, suka tara itace. Kawu ya nufi gindin mangwaro don a tayar da babbar tukunyar, sai ya tarar da mijina zaune a kanta, a kan buhun Mama, ya sa hannuwansa a ƙarƙashin cinyoyinsa.

"Tashi," in ji Kawu.

Mijina ya ƙara danne hannuwansa.

"Da kai nake. Tashi a ɗauki tukunya."

"Kawu, ka yi haƙuri."

"Ni kake gaya wa in yi haƙuri? A makokin 'yar'uwata?"

Mutane suka fara taruwa. Mijina bai ɗaga kai ba, gumi yana bin wuyansa tun rana ba ta yi zafi ba. Ya ce, "Kawu, ba raini ba ne. In aka buɗe bakin tukunyar nan, ni zan fara faɗawa ciki, kuma ba zan fito ba. Ka san ni. Kowa a nan ya san ni."

Kawu ya yi faɗa, ya kira sunayen kakanni, ya ce birni ya cinye yaron, ya ce majami'a ta raba su da jininsu. Ya kama kafaɗarsa ya ja, mijina ya riƙe gindin tukunyar da dugadugansa. Rana ta hau, inuwar mangwaro ta janye ta bar shi a fili, bai motsa ba. Na kai masa ruwa, ya kasa riƙe kofin, sai da na kafa masa a baki.

Hajiya ce ta raba. Ta zo gaisuwar safe ta tarar da abin. Ta buɗe buhun ta damƙi tsiron ta shinshina ta ce, "Baba, wannan tsiro mai kyau ne, kar ya lalace. A ba mu mu yi mata kunun zaƙi, irin wanda aka san ta da shi a garin nan. In zubawa ne a ƙasa, wannan tsakaninku ne." Kawu bai hana ba. Ya je ya zauna a bakin ƙofa ya juya mana baya. Matan zumunta da matan ƙauye suka haɗu a kan murhu ɗaya, aka yi kunu a manyan tukwanen ƙarfe, aka sha har da tsofaffin masaƙar nan. Kawu ya karɓi ƙwarya ɗaya, ya ɗiga kaɗan a ƙasa yana magana da yarensu, ya shanye sauran yana hawaye.

Da yamma kunu ya yi saura, kusan bokiti guda. Kawu ya ce, "A rufe wannan a ajiye, gobe ko jibi ma sha." Ya faɗa yana kallon gefe. Kafin in buɗe baki mijina ya tashi daga kan tukunyar, ƙafafunsa sun sage yana ɗingishi, ya ɗauki bokitin ya nufi wurin aladu. Ya dawo ya wanke shi da toka ya kife.

Kawu ya tafi washegari bai yi mana sallama ba. An aiko mana cewa a ƙauye ana cewa mun binne Mama kamar marar dangi, kuma ban san ranar da za mu iya taka garin ba. Wannan ma yana hana ni barci.

Mama, ke da ba ki taɓa hutawa ba ko ran Alhamis ɗaya, Ubangiji ya hutar da ke. Ya riƙe miki hannu har kika ƙetare, yanzu kya iya sake su.

Ni dai har yau in mijina ya dawo daga aiki, ina karɓar rigarsa in kai hanci kafin in rataye. Ya sani. Yau da safe, kafin jiniya, na leƙa ta taga na gan shi a gindin mangwaro, zaune a kan tukunyar, ya danne hannuwansa. Ban ji farkon addu'ar ba. Ƙarshenta na ji: "Yau kawai. Gobe ma zan zo."